Awakin da Na Ƙirga da 'Ya'yan Tsamiya

Ranar wata Jumma'a ce da hantsi, Babbar Sallah ta matso har an fara jin kukan raguna a gidajen masu hali, a shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama. Da wannan nake gane shekarar, don ni ba wanda ya rubuta ranar haihuwata, sai dai an ce mini a lokacin ina da kamar goma sha ɗaya. Ina durƙushe a bakin turke ina dama wa awaki dusa da ruwan kanwa, sai maƙwabciyarmu Goggo Saratu ta ɗaga zanar ƙofa ta shigo da igiya a hannunta. Ta gaida kakata Dada, ta gaida Babana da yake zaune kan buzu ya miƙe ƙafarsa mai kumburi, sannan ta zo ta tsaya a kaina. Awaki uku ne a turken: uwar, wadda tata ce, da wani jan taure mai sheƙi, wuya kamar turmi, da wata baƙar 'yar akuya mai siraran ƙafafu wadda ko yaye ta ba a gama ba. Goggo Saratu ta nuna su da igiyar ta ce, "Dija, lokacin rabo ya yi. Ɗaya naka, ɗaya nawa. Kai ka sha wahala, kai za ka zaɓa." Ita kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji, akuya ma "shi" take ce mata. Na dubi 'yar baƙar nan, na juya na dubi Baba. Shi idonsa yana kan taure, ko ƙiftawa ba ya yi.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda aka yi 'yar Fulani ta koma kiwon akuyar wani. Mu ba 'yan gari ba ne tun asali. A ruga aka haife ni, can bayan duwatsu, kuma ni ɗin nan da kuke gani na buɗi ido na ga garken da in ya taso daga mashaya sai ka ji ƙasa tana amsawa. Uwata ta rasu ina goye, Dada, mahaifiyar Baba, ita ta raine ni. Sai ciwon huhu ya shiga garken a wani rani, yau a binne wannan, gobe a ja waccan bayan ruga, har abin da ya rage bai isa a kira shi garke ba. Baba ya sayar da ragowar, ya kwaso mu ya kawo mu Jalingo, muka sami wani gida mai ɗakunan jinka biyu a unguwar Barade. Mutumin da ake nuna shanu a ce na wane ne, sai ga shi yana koro shanun wasu zuwa kara, kasuwar shanu, a ba shi lada. Bai taɓa kuka da hakan a gabana ba. Abu ɗaya ya riƙe da haƙoransa: layya. Tun da ya yi aure bai taɓa barin Sallah ta wuce bai yanka ba, ko da kuwa sai ya kwana da yunwa wata guda yana tarawa. Ranar Sallah ni nake rarraba nama gida gida, kwano a kaina, ina tafiya ina girgiza wuya kamar 'yar mai gari.

Goggo Saratu kuwa Bamumuya ce, Kirista, danga ɗaya ta raba mu. Ba 'yar'uwarmu ba ce, Dada ce ta ce in riƙa ce mata Goggo saboda girma. Gonar doyarta tana can wajen Nukkai, da asuba take fita, sai yamma take dawowa da laka har gwiwa. Yaranta duk suna makarantar boko, ba mai yi mata kiwo, akuyarta kuma ta addabi unguwa da ɓarna. Wata rana ta jawo ta ta ɗaure a turkenmu, ta yi magana da ni a gaban Dada, ba da Baba ba. Sharaɗin shi ne wanda kowa ya sani a lokacin: in yi kiwo har akuya ta haihu sau biyu, uwa ta koma wa mai ita, 'ya'ya a raba. Haihuwar fari ta ba da namiji, Baba da kansa ya dandaƙe shi ya zama taure. Ta biyu ta ba da wannan 'yar baƙar.

Wahalar da ta ce na sha, gaskiya ta faɗa. Da damina ba a sakin akuya saboda gonakin mutane, sai ka je ka yiwo mata ciyawa. Ina idar da sharar tsakar gida da wanke-wanke zan ɗauki lauje da tsohon buhu in gangara bakin rafi, raɓa ta jiƙa ni har ƙugu, ƙaiƙayi ya cinye mini hannu. Da kaka in bi gonaki bayan an cire wake in tsinto harawa, in ɗaure ta dami dami, Baba ya jefa mini kan rumfa. Ɓawon doyar gidan Goggo Saratu da dusar duk matar da na taya surfe, nawa ne. Da rani kuma in kora su bayan makarantar firamare, inda akwai wata gawo mai zubar da 'ya'ya. A nan nake zama da ƙawayena muna carabke da tsakuwa, muna jin 'yan makaranta ta taga suna rera lissafi da Turanci kamar waƙar gaɗa. Har na haddace muryar waƙar, ina yin ta ina daka, ban san abin da take nufi ba. In an tashe su tara sai su fito su tsaya a bakin waya suna yi mana dariya, suna ce mana masu warin bunsuru. Ni kuwa ban taɓa sunkuyar da kai ba. Nakan ce musu wanda ya isa ya fito mu yi carabke, kuma ba wanda ya taɓa cinye ni.

Ƙirga kuwa a gidanmu abin yi a ɓoye ne. Dada ba ta yarda a ƙirga abu mai rai ba, ko mutum ko dabba. "Mai rai ba a ƙirga shi, sunansa ake kira," haka take cewa. Ta ce tun ranar da masu jangali suka tsaya a bakin ruga suna nuna shanunmu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tun ranar ta san garken ba zai yi ƙarko ba. Ko kaji ne ta ji ina cewa ɗaya, biyu, sai na ji muciya a gadon bayana. Ita in tana son ta san ko kajinta sun cika, sai ta ce ina mai wuyan zinariya, ina gurguwa, ina uwar faɗa, har ta kai ƙarshe. Don haka na tashi na iya ƙirga tsakuwar carabke da Fulatanci da Hausa, amma ban taɓa ƙirga akuya ba.

To a wannan shekarar ne wani bijimi ya harbi Baba a gwiwa a bakin kara. Ya yi watanni a zaune, ɗan abin da ya tara na layya ya tafi wajen mai ɗori da hatsin tuwo. Shi ya sa da Goggo Saratu ta ce in zaɓa, kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Taure za mu ɗauka." Goggo Saratu ba ta ko juya ba. Ta ce, "Malam Hammadu, ba da kai na yi magana ba. Ranar da na kawo akuya, kai ka yi mini alkawari ko yarinya?" Wallahi na zaci ƙasa za ta tsage. Ba a yi wa Baba irin wannan magana. Amma ya san gaskiyarta, sai ya ɗauki carbinsa yana ja. Ta naɗe igiyarta ta ce za ta dawo ranar Lahadi in an taso daga coci, in yi tunani kafin nan. Ta fita ta bar ni tsakanin uba da 'yar akuya.

Ni a raina baƙar nake so, amma ban san dalilin da zan faɗa ba. Ni na share mata majina ranar da aka haife ta, ni take bi har bakin rijiya. Wannan ba magana ba ce da za ka kai wa mutumin da layyarsa take shirin kuɓuce masa. Dada ma na san mace take so, don ta sha faɗa mini cewa macen da ba ta da dabba tata ta kanta baƙuwa ce ko a ɗakin mijinta, amma ba za ta ƙi bayan ɗanta a kan abin ibada ba. Washegari da safe na tsallaka gidan Goggo Saratu idanuna sun kumbura. Na same ta a gindin tsamiyar tsakar gidanta tana fere doya, ranar ba ta je gona ba. Ta dube ni ta ce, "Kuka ba ya raba akuya. Je ka tsinto mini 'ya'yan tsamiya cike da hannu biyu, da tsakuwa."

Da na kawo, sai ta share ƙasa da tafin hannu, ta ja layi biyar da wuƙar ferarta, ta ce kowane layi shekara guda ne. Ta ɗauki ƙwayar tsamiya ɗaya ta ajiye a sama da layukan ta ce wannan ita ce baƙata. Ta ce mu ɗauka kowace uwa tana ba da biyu a shekara, ko tagwaye ko haihuwa biyu, ɗaya mace ɗaya namiji. Mace tsamiya ce, namiji tsakuwa. Na ce mata Dada ta hana. Ta ce, "Dada yana nan? Ajiye!" Na ajiye. A layin farko mata suka zama biyu, uwa da 'ya. A na biyu kowace ta kawo tata, suka zama huɗu. A na uku takwas. Da na zo na huɗu sai da na koma gindin bishiya na ƙaro 'ya'ya, sha shida. A na biyar talatin da biyu, ga kuma tsakuwa tari guda a gefe. Na zauna daɓas ina kallo. Tun da muka baro ruga ban ga dukiya irin wannan ba, ga ta a ƙasa a gabana, daga 'yar abin da ko yaye ta ba a gama ba. Na miƙe zan ruga in kira Baba, ta kamo zanena ta zaunar da ni.

Ta ce, "Ina za ka? Babanka ya ga mutuwar shanu, kai za ka kai masa awakin da ba sa mutuwa?" Sai ta sa yatsa a layin ƙarshe ta ɗauke ƙwaya ɗaya, ta ce ɓarawo ya sace, nawa na rasa? Na ce ɗaya. Ta mayar. Ta koma layin farko inda suke biyu, ta ɗauke ɗaya, ta ce wannan lori ya take shi, tunda an canja wa motoci hannu ba a gaya wa awaki ba. Nawa na rasa? Na ce ɗaya mana. Ta ranƙwashe ni a ka da bayan yatsa. "Wanda ya mutu yana haihuwa?" Na dafe kaina na sake duba layukan. Na cire 'yarta a layi na biyu, na cire jikokinta a na uku, na bi su ina kwashewa har ƙasa, sai ga rabin dukiyata ta tafi. Sha shida, saboda ƙwaya ɗaya. Har yau in na tuna ina jin sanyin da ya ratsa ni a lokacin. Ta ce haka doya take: wadda ka ci da kaka ɗaya ce, wadda ka ci daga cikin iri kuwa kunya guda ka cinye. A gonar ubanta ta koyi wannan, tana yarinya, ana ware na ci da na shuka.

Muka share muka sake daga farko, wannan karon da rabon mutuwa. Ta ce kowace shekara, bayan an haihu, cikin kowace uku in cire ɗaya: ta zawon damina, ta ɓarawo, ta mota, ta ranar da hatsi zai ƙare a kai kasuwa. Layin farko biyu ne, ba su kai a cire ba. Na biyu huɗu, na cire ɗaya, saura uku. Ukun suka zama shida, na cire biyu. Huɗun suka zama takwas, na cire biyu. Shidan suka zama sha biyu, na cire huɗu. Takwas suka rage. Bayan talatin da biyu, takwas ta yi mini kama da abin tausayi, na turo baki. Ta ce in bar kallon tsamiya in dubi tsakuwa, don Babana namiji yake nema. Tsakuwar farko tana layin farko, jariri ne, bai isa yanka ba sai ya shekara. Amma daga layi na biyu har ƙasa, ba layin da ba shi da namijin da ya isa wuƙa. Ta sa na maimaita shi sau da yawa ni kaɗai, tana ferarta tana kallona ta wutsiyar ido, har na iya ba tare da ta buɗe baki ba. Sannan ta ce in kwashe kayana in tafi, doyarta tana jiran wuta.

Bayan la'asar Baba yana zaune a inuwar rumfa, na zo na durƙusa a gabansa na kwance bakin zanena. Na ja layuka da tsinke. Ina cewa "wannan ita ce baƙar, baɗi za su zama biyu," sai ga Dada ta taso daga bakin murhu da saurin da ban san tana da shi ba, ta kifa faifai a kan 'ya'yan. Ta ce, "A'uzubillahi! Na raye ma an hana ki, sai waɗanda Allah bai halitta ba?" Na ce, "Dada, tsamiya ce, ba akuya ba ce." Ta tsaya. Ta dubi faifan, ta dubi turke, ta dubi ɗanta. Sai ta ɗage faifan a hankali ta ce, "To in tsamiya ce, yi maza, kuma kada ki kira sunan kowa." Ta koma ta ba mu baya tana tankaɗe, amma rariyar ba ta motsi.

Na yi masa shi yadda aka koya mini, da rabon mutuwa da komai, ban ɓoye masa ko ɗaya ba. Da ya ga ina cire ɗaya cikin uku ina jefarwa gefe, sai ya gyara zama ya matso da ƙafarsa mai ciwo. Na nuna masa takwas ɗin, na nuna masa tsakuwa layi layi. Ya bi layukan da ido har na gama. Sai ya miƙa hannu can sama da layukan, ya ɗauki ƙwayar farko, ya riƙe ta tsakanin yatsu biyu ya ce, "In wannan ta mutu fa, Dija?" Wannan Goggo Saratu ba ta tambaye ni ba. Na dubi ƙasa, na bi layukan da ido, na ga ba abin da zai tsaya. Na sa hannu na share su duka, tsamiya da tsakuwa, na ce, "Ba komai, Baba. Ba ita, ba taure." Ya daɗe yana juya ƙwayar nan. Kajin Dada suka zo suna tsattsagar inda na share, ba wanda ya kore su. Can ya ce, "Sallah nawa zan yi ban yanka ba?" Na ce biyu, ta bana da ta baɗi. Ya kamo hannuna ya sa mini ƙwayar a tafi ya naɗe yatsuna a kanta. Ya ce, "Gobe in Saratu ta zo, ki ba ta taurenta."

Ranar Lahadi ta shigo da kayan cocinta, ɗankwali ya tashi sama, igiya a hannu. Na ce mata baƙar na zaɓa. Ta tafa hannu ta juya wajen Dada ta ce, "Ka gani ko, Dada? Na koya wa jikanka lissafi na cuci kaina. Wallahi shi nake so tun ranar da aka haife shi!" Ashe ita ma macen take so. Da ta yi shiru ranar Asabar ta bar ni da kukana, da taure za mu ɗauka, baƙar ta zama tata, ba kuma wanda zai ce ta yi zalunci. Dada da ba ta cika godiya ga kowa ba ta kama hannunta biyu ta gode mata da Fulatanci, ta ce, "Useko, Saratu, useko." Ta ja taurenta ta kai kasuwar Sallah ta sayar, ta bar mana uwar har aka gama yaye, sannan ta karɓi abarta.

Ranar Sallah ita ce ban manta ba. Baba ya dogara sanda ya je idi ya dawo. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙarsa da dutsen washi yadda ya saba, ya zauna ya fara wasa ta, sai ya tsaya, ya dubi turke, ya mayar da ita kube. Kafin azahar yaran maƙwabta suka fara shigowa da kwanuka. Mutumin da shi yake aikawa, yau shi ake aiko wa. Kowane kwano sai ya karɓa da hannunsa ya sa albarka, ni kuwa na ɓuya a bayan rumbu don ba na iya kallon fuskarsa. Da yamma wani abokinsa na kara ya leƙo yana zolayarsa, ya ce, "Hammadu, bana ba mu ji ƙauri daga gidanka ba, ko ragon ya tsere?" Na ji Baba ya yi dariya ya ce, "Bana shuka muka yi." Liman ya riga ya gaya masa ba laifi a kan wanda ba shi da hali, ya kuma sani. Amma sanin ba ya hana abu ciwo.

Da damina ta sauka sai baƙar ta kamu da zawo, ta kwanta, idanu suka faɗa. Na zauna a gabanta ina tuna hannuna yana share layukan nan. Baba bai ce mini "kin gani" ba, ko sau ɗaya. Ya ɗauke ta ya kai ɗakinsa ya kwantar kusa da wuta, ya aike ni in sassaƙo ɓawon maɗaci, ya jiƙa da kanwa yana ɗura mata da cokalin duma, yana yi mata magana ƙasa ƙasa da Fulatanci yadda yake yi wa maruƙa a da. Ta tashi. Sallah ta biyu ta zo, ƙafar ba ta koma daidai ba, abin da yake samu na tuwo ne kawai, muka sake karɓar kwanuka. A ta uku ya kayar da ɗan farinta a tsakar gida, ya yi bisimilla ya yanka. Da ya gama fiɗa ya ware cinya guda ya ce in kai wa Saratu. Na ɗora a kai na tsallaka, ban bi ta kan danga ba, ta ƙofa na zagaya don unguwa ta gani.

Da shekara biyar ɗin ta cika ba su kai takwas ba, shida ne, don lori ya take ɗaya da gaske a hanyar kasuwa, wata kuma ta yi ɓari. Amma daga wannan Sallar har ya koma ga Allah, Baba bai sake rasa abin layya ba. Da jikokin baƙar nan aka kai ni ɗaki, da su na yi wa 'ya'yana kayan makaranta, ni da ban taɓa zama a aji ba.

Kwanakin baya jikata Amina, wadda take karatun kwamfuta a jami'a, ta zo hutu tana fama da aikin da aka ba su. Na tambaye ta mene ne, ta ce lissafin kuɗin ruwa ne, wai kuɗi a banki yana haihuwa, abin da ya haifa shi ma ya haihu, kuma an ce su rubuta wa na'ura umarnin da za ta bi ta lissafa. Na ce zancen halas da haram na malamai ne, amma haihuwa kam na san ta. Na ba ta awakina. Ta rubuta: fara da ɗaya, ninka, cikin kowace uku cire ɗaya, maimaita sau biyar. Ta danna, kafin in gyara ɗankwali abin ya ce takwas. Na ce mata ai na sani, tun uwarta ba ta zo duniya ba. Ta yi ta dariya, ta ce za ta kai wa malaminsu.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yaran yanzu sun san abin da ko a mafarki ban gani ba, kuma ina yi wa Allah godiya da ya nuna mini. Sai dai na lura kowa shi kaɗai yake lissafinsa, kai a sunkuye kan waya, amsa ta fito ba wanda ya ji. Barade ta cika da katangar bulo, tsakar gida duk siminti, maƙwabci sai ka shekara ba ka san abin da yake dafawa ba, balle ya ɗaure akuyarsa a gidanka. Mu namu lissafin a ƙasa aka yi shi, a gaban mutane, kuma kowa a wurin akwai abin da amsar za ta ɗauke masa. Goggo Saratu ta rasu a garinsu, ban sami zuwa ba sai bayan an binne ta. Baba yana maƙabartar bayan gari. Ita ta rasa akuyar da take so, shi ya karɓi kwanon maƙwabta shekara biyu, duk don yarinya ɗaya ta sami abin kanta. Har yau abin da suka bari nake ci.